Ranar da Kalla Ya Riƙe Kibiya

A ƙauyukan da ke kewaye da Deule, a ƙasar Adar, in ka ce kana neman Kalla za a tambaye ka wanne, don masu sunan suna da yawa. Amma in ka ce Kalla mai karnuka, to magana ta ƙare, da yatsa za a nuna maka: gidan ƙarshe a gindin dutse, mai aduwa a ƙofa. Dogon tsoho ne siriri kamar karan dawa. Mutanen garin kan ce shi da karnukansa uwa ɗaya uba ɗaya suke, don duk haƙarƙarinsu a waje yake. Shi kuwa bai taɓa jin haushi ba, yabo ya ɗauki maganar.

Manomi ne kamar kowa, gero a tudu, dawa a kwari. Da damina ba ka raba shi da hauya. Amma da zarar an ɗaure hatsi an zuba a rumbu, to Kalla ya zama na daji. Gidansu gidan Azna ne tun asali, masu addinin gargajiya, kakansa yana cikin masu buɗin daji, tsafin da ake buɗe farauta da shi, ubansa ne ya fara salla. Abubuwa da yawa na wancan zamani sun tafi, Kalla bai kuma yi kukansu ba. Abu biyu kawai ya riƙe. Na farko karnukan, dogayen nan irin na Buzaye, masu zurfin ƙirji da ɗan siririn ƙugu. Wani Buzu ne daga wajen Ibohamane ya bai wa kakansa karya ta farko, don ya taimake shi fitar da raƙumi daga laka, tun daga nan kuwa jinin bai yanke a gidan ba. Na biyu wani abin wuya ne na jar fata mai wuri uku, wanda babbar karyar gidan ke ɗaurawa.

Sau ɗaya tak Kalla ya tafi bida, wato neman kuɗi, a Abijan, kamar yadda samarin Adar ke yi. Wata uku ya yi yana turin kura a kasuwa, sai wani ɗan garinsu ya iso da labarin cewa karyarsa ta ƙi cin abinci. Kwana biyu bayan haka yana cikin mota. Matarsa Zaliha, wadda a lokacin take amarya, har yau ba ta yafe masa ba. Takan ce ita ma ta rame a watannin nan uku, amma ba wanda ya hau mota dominta. Da bakinta za ta gaya maka ba ta son kare, ba ta son warinsa, ba ta son ganinsa. Sai dai shekara arba'in da wani abu ke nan ita ke dama musu tuwon gero da nono, kuma kaiton yaron da ta kama yana jifansu.

Abin da ya kai sunan Kalla har Bangi da kasuwar Madawa shi ne fitar da kwikwiyo. Kowa na iya kiwon kare. Amma ɗaukar ɗan kwikwiyo mai manyan tafukan ƙafa, wanda ke faɗuwa in ya yi atishawa, a mai da shi abin da zomo ke tsoro, wannan aiki ne na mai haƙuri. Wata shida na farko Kalla ba ya neman komai wurin kwikwiyo sai ci da barci. Wanda ya kawo masa nasa yana gaggawa, sai ya miƙa masa abinsa ya ce ya je ya sayi babur. Bayan wata shida yakan fara hawa da shi kan dutse da safe, a igiya, tafiya kawai ba gudu, don tsakuwar Adar ba ta san kare mai daraja ba, yanka ƙafa take yi. Da yamma ya jiƙa bagaruwa ya tsoma masa tafukan a ciki, kamar yadda majema ke yi wa fata, har su yi tauri. Sai kwikwiyo ya kusa shekara sannan ake fito masa da fatar zomo da aka cusa wa ƙaiƙayi, a ɗaura mata doguwar igiya a ja ta cikin sabara, a karkata dama a karkata hagu, don ya san cewa zomo ba ya gudu a miƙe.

Mataki na ƙarshe kuwa doka ce da ya gada wurin ubansa, ba a kuma taɓa karya ta a gidan ba. Ana sakin ƙarami tare da babba, ya yi ta gudu a bayansa yana koyo, har ranar da ya wuce shi da ƙafarsa. Ba a riƙe babba don ƙarami ya samu. Ranar da ƙarami ya wuce, a ranar ake kwance abin wuyan a ɗaura masa, babba kuma ya gama fita daji ke nan har abada.

Mai jan fatar zomon shi ne Isufu, taubashinsa, ɗan ƙanwar ubansa. Kalla ya ba shi shekara ashirin, amma wasan taubasantaka bai san wannan lissafi ba. Isufu yana da garkar albasa a fadama, yana da baki, ga shi kuma da wani takalmin taya da ya zama abin dariya. A 'yan shekarun nan ba su taɓa hawan dutse ba sai igiyar takalmin nan ta kwance, wani lokaci har sau uku kafin su kai sama. Sai ya durƙusa yana gyara yana tsaki, Kalla ya iso yana haki ya tsaya a kansa yana yi masa tsiya.

"Kai da albasarka ka zuwa har Kwatanu, takalmi guda ya gagare ka?"

"Bar ni da shi, tsoho. Ya san ƙahwata, na san halinai."

Babbar karyar gidan a lokacin ita ce Kibiya, ja mai farin ƙirji. Shekara goma tana ɗaure da abin wuyan, kwikwiyo nawa aka kawo daga garuruwa suka koyi gudu a bayanta, ba wanda ya wuce ta sai dai a mai da shi gidan mai shi da abin da ya samu. Kalla yana son karyar nan so na gaskiya, irin wanda ba ya jin kunyar faɗa. Kaskonta daban yake, ba ta shiga ɗaki, yakan wanke hannu kafin alwala, amma in suna zaune a gindin aduwa hira yake yi da ita kamar mutum. Haihuwarta ta ƙarshe 'ya'ya huɗu ta zuba, ciwo ya kwashe uku cikin mako guda. Wadda ta tsira, wata baƙa-baƙa mai dogon wuya, Kalla ya sa mata suna Saura. Kowa ya san Kibiya ba za ta sake haihuwa ba. In Saura ba ta fita ba, karnukan gidan sun ƙare a hannun Kalla ke nan.

Da farko komai ya tafi daidai. Ƙafafunta suka yi tauri, ƙirjinta ya buɗe, fatar zomo kuwa sai da Isufu ya ɗinka uku don yayyaga su take yi. Da kaka ta wuce aka fara sakinta tare da uwarta a kan tudun nan mai layukan duwatsu, waɗanda aka jera zamanin foroje, aikin raya karkara, don tare ruwa. Zaliha da kanta ta ɗauki duwatsun nan a ka da ƙuruciyarta, albarkacinsu ne itatuwa suka dawo, zomaye suka biyo su.

Nan fa matsala ta ɓullo. In zomo ya tashi, Saura za ta zabura kamar gaske, amma da ta kai kafaɗar uwarta sai ta tsaya a nan, ba gaba ba baya. Haka za su yi ta tafiya kafaɗa da kafaɗa har zomo ya shige duwatsu. Wata ɗaya, wata biyu, wata huɗu. Sanyi ya wuce, bazara ta shigo, a duk tsawon lokacin zomo biyu kacal suka kawo gida, su ma Kibiya ce ta kama su da dabara ba da gudu ba. Kalla ya san abin da ke tafe. Da ruwan farko ya sauka an rufe farauta, kowa ya koma shuka. Karen da ya cika shekara biyu yana bin baya kuwa ya saba ke nan, ko an yi ta sakinsa ba zai taɓa ja gaba ba.

Ya ƙara mata nono. Ya rage mata nono. Ya duba ƙafafunta ɗaya bayan ɗaya, ya kai ta wurin likitan dabbobi a Buza, aka ce lafiyarta ƙalau. Isufu, wanda ba ya iya ganin ciwo bai taɓa shi ba, ya ce:

"Wagga ba ta da zuciya, tsoho. Ba ni ita ta yi min gadin albasa, ko awaki ta kora."

Ranar Kalla bai rama ba, abin da bai taɓa faruwa ba. Isufu ya koma gida jikinsa a sanyaye.

Zaliha ce ta warware zancen, ita da ba ta son kare. Wata rana da hantsi ta dawo daga rijiya, ta sauke tulu, ta tsaya a kan mijinta yana gyaran kere, sandar nan mai lanƙwasa da ake jifan zomo da ita.

"Maigida, yau na ga abin mamaki. Shirwa tab biyo ƙorama, inuwatta na gudu bisa rairai, sai ga baƙar karyar nan taka ita ɗai tana bin inuwar. Wallahi tun da nike ban ga gudu irin wanga ba. Ko uwatta da ƙuruciya ba ta kai ta ba."

"To mi ka hana ta yi shi cikin daji?"

"Kai ka tambaya ta? Kai da ka san kare?" Ta gyara ɗaurin zanenta. "Ba zuciya ta rasa ba. Jiran uwatta takai. Kibiya ta tsuhwa, Maigida. Kowa ya gani, kai ɗai na ba ka gani ba, don ba ka son gani."

Ta ɗauki tulunta ta shige. Kalla ya juya ya dubi Kibiya da ke kwance a inuwa, ya dube ta sosai kamar yadda yake duban karen da baƙo ya kawo. Ya ga furfura ta cinye bakinta. Ya ga yadda ta tashi, ƙafar baya ta dama ta ɗan makara kafin ta bi sauran. Ya tuna cewa tun bara zomayen suka fara yi masa kamar sun ƙara gudu, har yana cewa ciyawar foroje ce ta ƙosar da su. Kunya ta kama shi, tausayi ya biyo baya.

Kwana uku yana juya abin. Dokar ubansa ta ce ba a riƙe babba. Amma ubansa bai taɓa haɗuwa da kwikwiyar da ta ƙi wuce uwarta don ladabi ba. In ya bi doka, Saura ta lalace, gidan ya ƙare. In ya karya ta, to da hannunsa zai sauke Kibiya, ba ƙafar wani kare ce ta sauke ta ba, kuma wannan ne ya fi yi masa ciwo. A rana ta uku da la'asar hadari ya haɗu a gabas, ya yi ta ruri, sannan iska ta watsa shi. Kalla ya aika a gaya wa Isufu su haɗu da sassafe.

Suka hau dutse su huɗu. Takalmin Isufu ya kwance sau biyu a hanya. Da suka kai kan tudu sai ya miƙa masa igiyar Saura.

"Yau kai ka sakinta. Ita ɗai."

Isufu ya dubi Kibiya, ya karɓi igiyar.

Rana ta ɗan ɗaga lokacin da zomo ya tashi daga gindin wata geza, babba, kunnuwa a miƙe. Isufu ya yi bisimilla ya saki igiya. Kalla kuwa ya zube a kan gwiwoyinsa ya rungume Kibiya ta ƙirji. Karyar ta zabura da duk ƙarfinta, ta ja shi har gwiwarsa ta gurje a tsakuwa. Shekara goma ba a taɓa riƙe ta zomo na gudu ba. Ta juyo ta dube shi, ba ta yi haushi ba, ba ta yi cizo ba, kallon tambaya kawai. Yana jin bugun zuciyarta a damtsensa.

"Yi haƙuri, tsohuwa," yake cewa. "Yi haƙuri. Ni na yi miki, ba kowa ba."

Saura ta yi kamar taki talatin, sai ta sassauta. Ta dubi gefen damanta inda kafaɗar uwarta ke zama, ba kowa. Ta tsaya cik, ta juyo. Zomo kuwa ya miƙe ya nufi tsagin duwatsu, in ya kai can ko aljani ba ya fitar da shi. Isufu yana ihu yana tsalle yana nuna mata da kere, ko kallonsa ba ta yi ba. Uwarta take kallo. Kalla ya ce a ransa shi ke nan, ya karya dokar ubansa a banza.

Sai ya ji jikin Kibiya ya saki a hannunsa. Ta daina ja. Ta kwanta a hankali, ta miƙe ƙafafun gaba, ta ɗora haɓarta a kansu, kamar yadda take yi a gindin aduwa in an gama aikin rana.

Saura ta ga haka. Ta juya.

Zaliha ba ta yi ƙarya ba. Kalla ya ga karnuka a rayuwarsa, amma bai taɓa ganin tazara tana naɗewa haka ba. Layin duwatsu na farko ta tsallake shi, na biyu ma haka. Zomo ya ji ta a bayansa ya karkata hagu, ita kuwa gudu ya kwashe ta ta wuce, ta faɗi ta mirgina a tsakuwa. Kafin Kalla ya gama salati ta miƙe. Da zomon ya sake karkata dama, sai ta yanke masa hanya, daidai yadda ta yi wa fatar ƙaiƙayi sau ɗari a cikin sabara. Ya rage taki kaɗan zomon ya kai tsagin duwatsu ta ɗauke shi.

Isufu ya zare wuƙa ya sheƙa da gudu don ya yanka kafin rai ya fita. Kalla yana durƙushe yana kallonsa. Hawa ne mai tsakuwa, amma mutumin nan ya haye shi a guje kamar ɗan shekara ashirin, yana tsallake duwatsu, takalmin tayar nan kuwa ko motsi bai yi a ƙafarsa ba. Kalla ya daɗe yana kallon takalmin.

Da suka dawo, Saura tana haki, kafaɗarta ta ɗan gurje, Kalla ya ba ta hantar zomon da hannunsa. Sannan ya sa yatsu ya kwance abin wuyan daga wuyan Kibiya. Ƙullin ya yi shekara goma, sai da ya sa haƙori. A ƙarƙashinsa gashi ya ƙare, sai wani farin zobe na fata tsirara kewaye da wuyan. Bai iya jure ganinsa ba. Bayan ya ɗaura wa Saura wuri ukun, sai ya kama bakin rawaninsa ya yage, ya ɗaura wa tsohuwar. Isufu mai baki ya juya yana kallon gabas, wai yana duban hadari.

Hanyar gida akwai wani ɗan hawa kafin a gangara gari. Isufu yana gaba da zomo a rataye, Saura tana jan igiya a hannun Kalla, Kibiya tana ɗingishi a baya. Da suka kai tsakiyar hawan sai Isufu ya yi tsaki ya durƙusa.

"Wanga takalmi dai!"

Kalla ya iso ya tsaya a kansa har numfashinsa ya dawo.

"Tashi, Isuhu. Takalminka lahiya lau shike."

"A'a, tsoho, igiyar ta..."

"Na gan ka ɗazu. Shekara nawa kana yi min haka, kana tsayawa don in huta?"

Isufu bai ɗago ba. Yana ta murza igiyar da ba abin da ya same ta.

"Huɗu," ya ce. "Ko biyar."

Kalla ya gyaɗa kai. Ya so ya yi masa tsiya, ya nemi tsiyar ya rasa. Sai ya kama hannunsa ya danƙa masa igiyar Saura, ya rufe masa yatsu a kanta.

"Wagga karya ba ta tahiya da mai jira. Ka kai ta har dajin Keita in an buɗe daji baɗi, inda ni ban iya kai ta. In ta haihu, ka kawo min ɗiyan, ni ka hidda su. Yanzu ku wuce."

"Mu tai tare mana, ga gari nan."

"Na ce ku wuce."

Suka wuce. Amma abin dariya, abin kuka, kowane taki goma sai sun waiwayo su biyun, mutum da karya. Sai da Kalla ya ɗaga kere ya yi kamar zai jefe su sannan suka miƙe hanya, suka ɓace a bayan dutse. Nan ya zauna a kan wani falalen dutse ya yi kukansa, ba mai gani sai Kibiya, ita kuwa ba ta kai labari gari.

Rana ta take tsaka kafin su iso gida, suna tafe suna hutawa. A gindin aduwa Kalla ya tarar an share wuri an shimfiɗa masa tabarma, ga ƙwaryar fura a rufe da faifai. A gefen tabarmar, kusa ƙwarai, inda Zaliha ba ta taɓa yarda a ajiye shi ba, ga kaskon Kibiya cike da nono. Zaliha tana bakin ƙofa tana tankaɗe. Ta dubi yagaggen rawanin, ta dubi wuyan karyar, ba ta tambaye su abin da ya tsai da su a hanya ba.